Kanta cike da littattafai, amma ina na gida?

Malamin Lissafi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena malamai da sauran 'yan'uwa ma'abota karatu, da fatan damina ta sauka mana da albarka.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, don haka adabi ba fannina ba ne, sha'awa ce kawai na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda bai bar mana gona ko garke ba sai akwatin ƙarfe guda maƙare da littattafai. A hutun da ya gabata na raka wani ɗan'uwana Kano, da muka gama abin da ya kai mu sai na ware yini guda na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da littattafai, ban kuwa fito ba sai da abin da ya rage a aljihuna ya zama kuɗin mota kaɗai. Na sayo Magana Jari Ce duka ukun, domin na mahaifina gara ta shiga na biyu ta bar mana bango kawai. Na sayo Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito tun 2006 amma sai bana Allah ya hore mini. Sannan a ƙarƙashin wani tarin tsofaffin littattafai na tsinci Fasaha Aƙiliya, takardunsa sun yi ja, da sunan wata ɗaliba da ajinta a rubuce a shafin farko.

Magana Jari Ce nake karanta wa yara bayan sallar isha'i, kuma na yi mamakin yadda littafin ya sauya a idona. Ina yaro labaran kawai nake bi, duk inda aku ya fara surutu sai in tsallake don in kai ga abin dariya. Yanzu da na shekara goma sha huɗu ina tsayuwa gaban allo, akun nake kallo, musamman a littafi na uku inda yake koya wa ɗansa Fasih yadda ake tsara labari, ya kawo masa misali, ya sa shi ya gwada, sannan ya nuna masa inda ya kauce. Abubakar Imam koyarwa yake yi a Katsina kafin a kira shi Zariya ya rubuta littafin, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli zai ji ƙamshin aji a cikinsa ko ba a faɗa masa ba.

Wanda ya hana ni barci dai shi ne Fasaha Aƙiliya, littafin waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu. Na san sunan Alhaji Aƙilu Aliyu tun ina ɗalibi, na kuma sha jin ana ambaton waƙarsa ta Hausa Mai Ban Haushi, inda yake yi wa 'yan boko faɗa a kan raina harshensu, amma a zatona Bakano ne, domin da Kano na san labarinsa. Sai da na bi tarihinsa na tarar a Jega aka haife shi a 1918, neman ilimi ya fitar da shi, ya yi dogon zama a Barno, ya zauna Kano, ya rasu a 1999. Jegar nan da nake ratsawa duk lokacin da zan je gaida kakata! Na tashi na tsaya gaban kantar littattafaina ina lissafi, tunda shi ne sana'ata, sai na ga kusan duk abin da na mallaka daga Zariya ko Kano ya fito, kuma labarin can yake bayarwa. In an cire wannan tsohon littafi da na tsinta bisa sa'a, ba ni da ko ɗaya wanda ɗan Kabi ko Bazamfare ya rubuta, ba ni kuma da wanda yake magana a kan ƙasar da nake takawa kullum.

Don haka nake roƙon waɗanda suka riga ni sani su gaya mini: waɗanne littattafai ne na mutanenmu, ko a kan ƙasarmu, ya kamata mutum irina ya fara nema, wanda Larabcinsa bai wuce na makarantar allo ba, kuma a ina ake samunsu? Ina kuma neman dabarar da zan raba littattafaina da gara, don ba na son abin da ya sami na mahaifina ya sami nawa. Karatuna a gindin dogon yaro nake yinsa a tsakar gida bayan la'asar, bisa tabarma, da kofin shayi mai citta da kanumfari, da jan biron da nake duba jarrabawa da shi, wanda yanzu ya koma na ja wa kalmomin da ban sani ba layi kafin in neme su a ƙamus. In dare ya yi kuwa, wata 'yar fitila mai cajin rana da na saya bara ita ce rufin asirina. Ina so in ji ku ma abin da kuke karantawa a 'yan kwanakin nan da abin da kuka sayo.

Tsohon Hedimasta, Gwandu

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka irin gadon da ba a zuwa gaban alƙali a kansa.

Ka ce ba ka da littafin ɗan ƙasar nan, alhali garin da nake zaune, wanda in ka sha shayinka na safe ka taso za ka iso shi kafin hantsi ya dubi ludayi, shi ne makwancin ɗaya daga cikin manyan marubutan da ƙasar Hausa ta taɓa gani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, a nan Gwandu ya rasu a 1829, kuma a nan hubbarensa yake. Dalilin da ya sa ba ka gan shi a kantarka ba shi ne da Larabci ya yi mafi yawan rubutunsa, mu kuwa da muka bi ta makarantar boko an saba mana cewa littafi shi ne wanda ake karantawa daga hagu zuwa dama. Ni ma sai da na bar aiki na koma gaban malamin zaure da furfurata kafin na gane asarar da na yi.

Ka fara da Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813. Waƙoƙinsa ne ya tattara, kowace ya gabatar da ita da bayanin lokacin da ya yi ta da abin da ya jawo ta, ta haka littafin ya zama tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi komai a gabansa, tun daga yawon wa'azin Shehu a Zamfara, zuwa yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, zuwa ranar Alwasa a 1805, wadda jama'a suka sha wuya ƙwarai. Wurin da na fi komawa a cikinsa shi ne inda zuciyarsa ta ɓaci da ganin yadda wasu daga cikin abokan tafiya suka karkata ga dawaki da tufafi da neman sarauta, har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar aikin hajji da ziyarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya isa Kano mutanenta suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, sannan ya komo. Mutum ne da aka ci nasara tare da shi, amma ya fi kowa kuka da abin da nasarar ta haifar, kuma ban san wani littafi namu da ya kai wannan faɗin gaskiya a kan nasa mutane ba. Tunda ka ce Larabcinka na allo ne, wani Bature mai suna Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963 tare da matanin Larabcin, sai ka nema a ɗakin karatu na jami'a.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin littafinsa da nake ganin ya dace da tambayarka fiye da kowanne, wato Ida'un Nusukhi. A cikinsa ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wato abin da kake tambayarmu yau, me kuka karanta kuma wa ya ba ku, shi ya amsa shi fiye da shekara 200 da suka wuce. Duk lokacin da na buɗe shi sai in ji kunyar ɗan abin da nake kira karatu.

A ɓangaren boko, ka nemi littafin marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski ta ƙasar Yawuri, wanda ya taɓa shugabantar jami'ar Sakkwato. Sunansa The Hausa Factor in West African History, ya fito a 1978, kuma yana bin sawun Hausawa fatake da malamai da masu sana'a har Gwanja da bakin teku. In ka karanta shi za ka daina kallon Jega a matsayin garin da ake ratsawa kawai, domin a ƙarni na 19 kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar nan, ayarin goro yana sauka yana tashi.

Maganar gara kuwa, akwatin ƙarfen mahaifinka ba shi da laifi, inda aka ajiye shi ne da laifi. Ka ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango, ka zuba kafur da busasshen ganyen dogon yaron nan da kake zama gindinsa. Kada ka ƙulle littafi a leda, domin da damina leda gumi take yi, takarda ta yi funfuna. In hunturu ya shigo ka fito da su ka kakkaɓe, ka bar su su sha iska a inuwa. Magabata da suke sa littafi a tadarishi su zura a gafaka su rataye, sun san abin da suke yi. Sai dai in gaya maka, a shekaruna na ga garar da ta fi ta ƙasa ɓarna, ita ce mai cewa “ara mini zuwa Juma'a”. Ni yanzu ina da ɗan littafin da nake rubuta sunan duk wanda ya ara da ranar da ya ɗauka, ko da surukina ne. Shi da tabarau da 'yar rediyona su ne abin da ba na tafiya ko'ina in bari.

Bakabe, Argungu

Malam, na karanta bayaninka na yi dariya ni kaɗai, domin matsalarka a taƙaice ita ce kana da kanta amma babu Kanta a kanta.

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan Malam Abdullahi haka yake, ba Bakaben da zai yi musun iliminsa. Sai dai ina neman izini in ƙara wani abu, don kada Malam ya karanta gefe guda ya ɗauka ya ga duka. Birnin Kebbi da yake zaune a ciki ita ce hedikwatar Kabawa har zuwa 1805, lokacin da rundunar da Malam Abdullahi ya jagoranta ta ci garin. Daga baya sarautar Kabi ta kafu a Argungu, kuma aka shafe mafi yawan ƙarnin ana fafatawa tsakaninmu da Gwandu da Sakkwato, daga tashin Yakubu Nabame a 1849 zuwa ɗan sararin da ake kira Lafiyar Toga, aka sake komawa fagen daga har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin da duniya ta san mu da shi ma, a siffarsa ta yanzu, ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, wadda ta zama alamar an binne tsohuwar gaba. To duk wannan dogon labari, waɗanda suka riƙe alƙalami a lokacin suna ɗaya gefen ne. Hatta labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa na Surame, in ka bi diddigin abin da ake maimaitawa a littattafan makaranta, da yawansa daga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka ɗebo shi. Ba ina cewa ƙarya suka yi ba, ina cewa ne wanda ya tsaya a wancan gaɓar kogi ba zai ga abin da na wannan gaɓar yake gani ba.

Rubutu mafi zurfi da na taɓa karantawa a kan Kabi ta ƙarni na 19 kundin digiri ne da Muhammad Bello Alkali ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969, kuma ni a hoton takarda na same shi, ba a kantin littattafai ba. Wanda ya yi mini hoton ya tsallake shafuffuka kusan goma a tsakiya, ban lura ba sai da na dawo gida, ga shi kuɗin mota ya fi kuɗin aikin. Wannan ita ce ƙaddarar tarihinmu: yana kwance a kundayen jami'a, ƙura tana ci, 'ya'yanmu kuwa suna haddace sarakunan wasu garuruwa.

Shawarata gare ka, Malam, wata Asabar ka shigo mota ka zo Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki ce da aka mai da ita gidan tarihi a 1958, ka ga makamai da tambura da kayan su, ka ga inda sarakunan Kabi suke kwance, sannan ka zauna da dattawan da ke wurin. Ni abin da na saya na baya-bayan nan ba littafin karantawa ba ne, littafin rubutu ne mai kauri da katin ajiya na waya, domin na fara zama da tsofaffin masunta a bakin kogin Matan Fada ina naɗar abin da suka sani na sunayen kifaye da gurabun ruwa da kirarin kowane gurbi. Biyu daga cikin waɗanda na so in zauna da su sun riga mu gidan gaskiya kafin in shirya. In ka zo, gasasshen kifi yana kaina.

Bazamfara, Gusau

Assalamu alaikum. Baba Hedimasta da sauran malamai, ina wuni. Na bi maganganunku da sha'awa, sai dai na lura mutum uku sun yi bayani mai tsawo ba a ambaci mace ko ɗaya ba, ban da kakar Malam da ɗalibar da ya tarar da sunanta a shafin farko.

Tunda Baba ya kawo Tazyinul Waraƙati, bari in tuna masa wurin da ni na fi so a ciki. A lokacin da Shehu yake wa'azi a ƙasar Zamfara, inda ya shafe kimanin shekara biyar, wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa yana sukar yadda mata suke halartar majalisinsa. Shehu ya umarci Malam Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuwa ya amsa da waƙa, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, ya fi abin da ake gudu muni. A ƙasarmu aka yi wannan muhawara, kuma 'ya'yanta ne suka nuna a kan Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jagorori mata da ake kira jaji suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata 'yan'uwansu. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta a babban kundi guda a 1997. Ya yi tsada kuma ya yi nauyi, ni ma aro na yi, amma na mayar, Baba, kada a rubuta sunana. Game da inda Malam zai sami littattafan Malam Abdullahi kuwa, a nan Gusau wani gidan ɗab'i ya fitar da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello cikin mujalladai a 2013, tare da fassara, don haka ba sai ya dogara da ta Bature kaɗai ba.

A ƙagaggun labarai kuma, Malam ya nemi So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Asalinta Kano ne, amma ta daɗe da zama a Gusau har ta taɓa neman tsayawa takarar gwamnan jihar nan, don haka mu muna ƙirga ta a namu, kamar yadda Kanawa suka riƙe muku Aƙilu. Labarin budurwa Bafulatana ce da ta so wanda ba na cikin danginta ba, ɗan littafi ne siriri da za ka gama a zama biyu. Na sake karanta shi watan jiya, kuma abin da na gani a wannan karo shi ne yarinyar da bakinta take magana, ba wani ne yake faɗa mana abin da ke ranta ba. A 1980 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gaskiyar magana, yawancin karatuna yanzu a waya nake yinsa. Ni tela ce, yini nake a kan keke, sai yara sun yi barci nake samun kaina, in dama fura in jingina da bango. Marubuta mata da yawa, har da na Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, sun daina jiran maɗaba'a, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai so ta biya a sa ta a rukuni. A cikinsu akwai shirme mai yawa, ba zan ɓoye ba, akwai masu jan labari kamar ƙosai ya ƙi soyuwa don kawai kuɗi ya ci gaba da shigowa, ga rubutun da babu ɗigo babu waƙafi. Amma a nan ne kaɗai na karanta labarin matar da aka kora daga ƙauyenta ta zo birni da 'ya'ya biyar tana kwana a kangon gini, da irin Hausar da ake yi a ƙofar gidana. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 na ga wasunsu sun fara tsaftace alƙalaminsu. Damuwata ita ce wannan rubutu ba ya zama: wayata ta faɗa ruwa bara, labarai fiye da yadda zan iya ƙirgawa suka tafi, babu ko bangon da gara take bari. Abin da na saya na ƙarshe shi ne abin sauraro na kunne, domin in ina ɗinki in riƙa jin littattafan da ake karantawa a YouTube.

Ɗalibi, Talatar Mafara

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗalibin Hausa ne a jami'a, kuma da na ga ba a taɓo waƙar baka ba sai na ce bari in sa baki, domin a ganina babban ɗakin karatun Zamfara da Kabi a bakin makaɗa yake. Salihu Jankiɗi daga Rawayya ya fito, Musa Ɗanƙwairo na Maradun ne, Sa'idu Faru sunan garinsa yake amsawa, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani kuma Yawuri ta san su. Malamai biyu 'yan gida sun yi aikin mai da wannan taska takarda. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau yana da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, da kuma jerin Diwanin Waƙoƙin Baka, inda aka rubuta matanin waƙoƙin. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda sunansa ya gaya maka daga inda ya fito a jihar Kebbi, ya wallafa littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Shi na saya da kuɗin da aka ba ni na ɗinkin sallah, har yau mahaifiyata ba ta gama yafe mini ba.

Abin da zan roƙi Malam shi ne kada ya karanta waɗannan da ido kaɗai. Ya sa waƙar a waya, ya buɗe littafin, ya riƙa bi da jan bironsa. Dalili kuwa, makaɗan nan da Hausarmu ta yamma suka yi waƙa, suna cewa munka da sunka da anka, suna cewa tahi da hwaɗi da kassuwa. Na sha ganin matanin Bakandamiya, waƙar Narambaɗa, yana yawo a intanet an “gyara” shi zuwa daidaitacciyar Hausa, wanda ya gyara bai san cewa in ka mai da munka ta koma muka ka sauƙaƙa gaɓa mai nauyi ba, kuma da zarar ka yi haka kalmar ta daina hawa kan kiɗan kotso. Tunda Malam mutumin lissafi ne, zai fi kowa jin daɗin wannan, don karin waƙa ƙirga ne na gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ko Fasaha Aƙiliya da ke hannunsa, in ya rera baitocin a bayyane yana buga yatsa, zai ga ba a ajiye ko gaɓa ɗaya a banza ba.

Game da ƙamus, na Jami'ar Bayero yana da amfani ƙwarai tunda da Hausa yake bayani, amma in kalmar Narambaɗa ta gagare shi, ya duba na Bargery na 1934, wanda yake nuna kalmomin Sakkwato da na Katsina da alamarsu, kuma an sa shi a intanet. In shi ma ya gaza, sai a koma wajen kaka.

Malamin Lissafi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, tun jiya akwati ya hau bulo huɗu, kuma da na ɗaga shi na tarar gara ta riga ta fara gini a ƙarƙashinsa, saura ƙiris in sake yin kuka. Na kuma buɗe littafin masu aro, sunan farko da ya shiga na ƙanen matata ne, wanda Ruwan Bagaja yake hannunsa tun azumin bara.

Hajiya, na karɓi gyara. Da na koma kantar na sake ƙirgawa, littattafan mata uku ne kacal, kuma duka ukun na maiɗakina ne, da su ta zo gidan. Na karanta mata abin da kika rubuta a kan amsar Malam Abdullahi, ta ce in an samo mujalladan nan na Gusau ita za ta fara karantawa. In akwai shagon da kika san ana samunsu, ki taimaka ki kwatanta mini, akwai direban da ke zuwa Gusau duk mako daga tasharmu.

Ɗalibi, na gwada abin da ka ce da daren jiya a kan baiti biyar na Aƙilu, ina karantawa ina buga tabarma, har yara suka fito suna tambaya ko lafiya. Sau biyu lissafin ya ƙi fita, da na duba sai na ga ni ne nake gajarta wasalin da ya kamata in ja.

Malam Bakabe, Asabar ta sama in Allah ya kai mu ina tafe, zan taho da littafin rubutu nawa. Ka ajiye mini kundin nan in gani ko da shafuffukansa goma sun ɓata, akwai wani abokina da ke karatu a Zariya, zan roƙe shi ya nemo mana su. Kifin kuwa, in ana samun giwan ruwa a wannan lokaci, shi nake so.